Jagorar Mallaka da Sauraron Tsofaffin Manyan Lasifikokin Gida

Daga shekarun 1950 zuwa ƙarshen shekarun 1980, kamfanonin kayan sauti na Amurka da Ingila da Japan sun ƙera waɗansu manyan lasifikokin gida masu tsayuwa da ƙafarsu a ƙasa, waɗanda har yau masu kunnen sauraro suke nemansu ruwa a jallo. An yi su ne a zamanin da ba a ƙyashin katako mai kauri da maganaɗisu mai nauyi, kuma ba a damu ba ko za su cinye rabin falo, muddin sautin zai fito a cike. Sai dai kayan da ya shekara 40 ko 50 a duniya ba ya zuwa hannun mutum yadda ya bar masana'anta. Soson da ke riƙe gefen kwanon lasifika ya ruɓe, gam ya saki, kafasita (ƙaramar na'ura mai riƙe wuta a allon cikin akwatin) ta gaji, wataƙila kuma wani mai gyara ya taɓa cire na asali ya maye gurbinsa da na kasuwa. Saboda haka abin da mai saye yake biya wa kuɗi a zahiri shi ne lafiyar abubuwan da ke cikin akwatin da kuma dacewarsa da ɗakin da zai zauna, sunan kamfanin da ke manne a gaba kuwa alƙawari ne da sai an tabbatar da shi.

Mataki na farko: a auna ɗaki kafin a je kasuwa

Kowace irin lasifika akwai wurin da maƙerinta ya nufa ta zauna. Klipschorn, wadda Paul Klipsch ya fara ƙerawa a garin Hope na jihar Arkansas a 1946, kuma har yau ba a daina yin ta ba, an tsara ta ne a cusa ta cikin kusurwar ɗaki, ta yadda bango biyun za su zama ci-gaban ƙahon da ke fitar da sauti mai kauri. Idan ƙofa ko taga ta cinye ɗaya daga cikin kusurwa biyun da ake bukata, mutum zai kashe kuɗi mai yawa ya sami rabin abin da ya saya. AR9 ta kamfanin Acoustic Research, wadda ta fito a 1978, rufaffen akwati ce mai wufa (bakin da ke fitar da sauti mai kauri) biyu na inci 12 a gefe da gefe, kusa da ƙasa, kuma an nufa bayanta ya kusanci bango. Quad ESL-57 ta 1957 da ƙanwarta ESL-63 ta 1981, duka daga hannun Peter Walker, ba su da akwati sam: siririyar leda ce a tsakanin faranti biyu masu huji, wutar lantarki ke kaɗa ta, tana fitar da sauti gaba da baya, don haka sai an ba ta aƙalla mita ɗaya tsakaninta da bangon baya. Bowers & Wilkins 801 ta 1979, wadda ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road da ke Landan ya yi aiki da ita, tana son fili sosai, haka ma Tannoy Arden ta 1976 mai baki guda na inci 15 da aka dasa tuwita (bakin siririn sauti) a tsakiyarsa. KEF 104/2 ta 1984 kuwa siririya ce, tana zama lafiya a matsakaicin falo.

Akwai ɗan lissafi da ke taimakawa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya, kuma kowane ɗaki yana kumbura wani sauti mai kauri gwargwadon tsawonsa. A raba 343 da ninkin tsawon ɗakin: ɗaki mai mita 5 zai kumbura sautin da ke wajen 34 Hz (wato kaɗawa 34 a daƙiƙa ɗaya), mai mita 4 kuma wajen 43 Hz. Idan tsawon ɗaki da faɗinsa ɗaya ne, kumburin yana haɗuwa a wuri guda, sai a ji ganga tana gunji maimakon bugu. Ɗakin bulo da aka shafe da siminti, ƙasansa tayil, yana riƙe wannan gunjin fiye da gidajen katako da aka gwada yawancin lasifikokin Amurka a cikinsu. Wanda ɗakinsa bai wuce mita 4 da 4 ba, gara ya haƙura da masu wufa na inci 15.

Ga wanda zai fara, kuma yake zaune a inda ƙurar hunturu take shiga ko'ina, shawarata ita ce ya guji irin Quad tukuna, domin wutar da ke jikin ledarsu tana janyo ƙura, danshin damina kuma yana sa su tartsatsi. Ya nemi waɗanda zoben da ke riƙe gefen kwanon wufarsu na ƙyalle ne mai ninki, kamar Klipsch Cornwall da La Scala ko Altec Model 19, domin ƙyalle ba ya ruɓewa yadda soso yake yi.

Mataki na biyu: bincike kafin a biya kuɗi

A nan ne ake cin riba ko a yi asara, don haka zan daɗe a kansa. Akwatin babbar lasifika yakan ƙunshi bakuna uku ko huɗu: wufa mai fitar da sauti mai kauri, bakin tsakiya mai ɗaukar murya, da tuwita mai fitar da siririn sauti. A ciki kuma akwai allon raba sauti, wanda ke tura wa kowane baki rabonsa. Kowane baki yana da kwanon takarda ko na roba, da kwayil da ke motsi a cikin ɗan siririn rami na maganaɗisu, da zobe na soso ko roba ko ƙyalle da ke riƙe gefen kwanon. Ka tafi da tocila, da mitar awon wuta irin ta masu gyaran rediyo, da ƙaramin batir mai bolt 1.5, da sukudireba, da ɗan bututun kwali, da kuma waƙa biyu ko uku da ka san sautinsu kamar yunwar cikinka.

Ka fara da akwatin. Ka haska ƙasansa da bayansa, domin nan ne ruwa yake fara taɓawa. Yawancin akwatunan shekarun 1970 an yi su ne da matsattsen garin katako da aka lulluɓe da fallen katako mai kyau, kuma idan irin wannan ya sha ruwa ya kumbura, ba ya komawa daidai. Ƙarzuwa a jiki ko tabon kofi a sama ba abin damuwa ba ne, kafinta zai gyara. Kumburi a gindi, ko buɗewar haɗin kusurwa, ko ɗan garin katako da ke zubowa daga ƙananan ramuka, wanda ke nuna gara ko ƙwaro sun shiga, su ne dalilan rage kuɗi sosai ko a fasa cinikin.

Sai ka cire murfin gaba a hankali, ka dubi zoben kowace wufa. Soso yakan yi shekara 15 zuwa 25 kafin ya lalace, zafi da danshi kuma suna gaggauta ajalinsa. Idan ka shafa shi da yatsa ya manne maka ko ya marmashe, ya mutu, kuma kada ka yarda a kunna lasifikar da ƙarfi a wannan hali, domin zoben ne ke tsayar da kwayil a tsakiyar raminsa, in babu shi kwayil zai gogi ƙarfe ya ƙone. Ruɓewar soso ba aibi ne mai kashe ciniki ba. Ni ma na fi son wufar da ta zo da ruɓaɓɓen sosonta na asali a kan wadda wani ya manna mata zoben da ba nata ba da gam mai tauri, domin ta farkon ba a taɓa ta ba. Ka sani cewa waɗansu suna ɓoye matsalarsu: wufa biyu na KEF 104/2 a cikin akwati suke, ba a ganinsu daga waje, kuma sosonsu yana ruɓewa kamar na kowa.

Bayan haka ka baza yatsunka kewaye da tsakiyar kwanon, ba a kan hular tsakiya ba, ka danna ciki a hankali kuma daidai wa daida. Lafiyayyar wufa tana shiga ta fito shiru. Idan ka ji ƙarzar-ƙarzar, ko dai kwayil ya taɓa yin zafi ya kumbura, ko maganaɗisu ya goce, kuma duka biyun aiki ne na gwani. A rufaffen akwati irin na Acoustic Research, wanda Edgar Villchur ya fito da tsarinsa a 1954, iskar da ke kulle a ciki ita ce ke mayar da kwanon mazauninsa, don haka idan ka danna ka saki ya kamata ya dawo sannu a hankali. In ya dawo nan take, iska tana zurarewa ta wani wuri. Tuwita kuwa ba a danna ta ko kaɗan.

Ka ɗora mita a kan maƙalan waya da ke bayan akwatin. Lasifikar da aka rubuta mata om 8 (om shi ne ma'aunin turjiyarta ga wuta) takan nuna tsakanin 5 da 7, mai om 4 kuma wajen 3. Abin da ya fi muhimmanci shi ne akwatunan biyu su nuna adadi kusan ɗaya. Sannan ka taɓa batir ɗin a kan maƙalan na ɗan lokaci kaɗan, kana kallon wufa: a yawancin kamfanoni, idan kan batir mai alamar tarawa ya taɓa jan maƙali, kwanon yana turowa waje. Tsofaffin JBL da yawa akasin haka suke, kwanon ciki yake shiga, kuma hakan ba lalacewa ba ce, tsarin kamfanin ne a wancan zamani. Abin lura dai shi ne dama da hagu su motsa ta fuska ɗaya.

Yanzu sai a kunna waƙa ƙasa-ƙasa. Ka kafa bututun kwalin a kunnenka, ka kai ɗaya bakin kusa da kowane baki ɗaya bayan ɗaya, domin tuwitar da ta mutu tana iya ɓuya a bayan sautin bakin tsakiya, musamman a hayaniyar shago. Idan akwai maɓallan rage ko ƙara siririn sauti a jikin akwatin, ka murɗa su kana saurare. Sau da yawa tuwitar da ake zaton ta ƙone lafiyarta ƙalau, tsatsa ce ta kama maɓallin, abin da AR-3a da 'yan'uwanta suka yi suna a kai.

Na ƙarshe, ka roƙi mai kayan ya bari a kwance wufa ɗaya a ga bayanta. Lambar da ke jikin maganaɗisun ita ce shaidar asali, kuma hotunan bakunan kowane sanannen samfuri suna nan a intanet don kwatantawa. Wannan ya fi zama dole a kayan gwanjo da suka bi hannu da yawa, irin waɗanda ke sauka a kasuwar Alaba ta Legas su bazu zuwa sauran garuruwa, inda ba wuya a tarar da akwatin asali ɗauke da wufar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na darajar wadda aka cire ba. Za ka kuma ga irin maganaɗisun. Kafin ƙarshen shekarun 1970, JBL da Altec da Tannoy suna amfani da wanda ake kira alniko, haɗin alminiyam da nikel da kobalt. Yaƙin da aka yi a Kolwezi ta lardin Shaba a ƙasar Zayar a 1978 ya sa kobalt ya yi tsada ƙwarai, kamfanonin suka koma wa maganaɗisun ferait, mai kama da baƙin faifai a bayan baki. Masu tara kaya suna biyan ƙari a kan alniko, amma a kunnena lafiyayyen ferait ya fi alnikon da ya sha wuya ya rage ƙarfi.

Mataki na uku: ɗauka zuwa gida

Waɗannan kaya suna da nauyi. KEF 104/2 ta kai kilo 32 kowace ɗaya, AR9 kuma ta kusa kilo 60. Mutum biyu ne za su ɗauka, a naɗe kowace da bargo, a rufe fuskarta da kwali mai kauri, a kwantar da ita a kan bayanta ko gefenta a ɗaure, kada ta yi ta gwaruwa a hanya. Faɗuwa ɗaya tana iya gotar da maganaɗisu ya danne kwayil. In sun iso, a bar su kwana ɗaya ko biyu a ɗakin kafin a taɓa su.

Mataki na huɗu: gyara kafin a yanke hukunci

Kuskuren da aka fi yi shi ne a jona tsohuwar lasifika ranar da ta iso, a ji sautinta a dushe, a ce ashe sunan banza ne. Ba a san muryarta ba sai an mayar mata da abin da shekaru suka ci.

Sauya zoben soso aiki ne da mai haƙuri zai iya yi da hannunsa. A nemo zoben da aka yi wa wannan samfurin musamman, domin girman inci kaɗai bai isa ba: taushin soson da faɗin ninkinsa su ne ke tsara yadda wufar za ta sauka zuwa sauti mai kauri, kuma zoben roba a madadin na soso yana ƙara nauyi ya sauya sautin. A kwance wufar, a ɗauki hoton wayoyinta kafin a cire su, a kankare tsohon soso da gam daga ƙarfen da wuƙa marar kaifi, daga gefen kwanon kuma da yatsa da ɗan sifirit, ba tare da an jiƙa takardar ba. A fara manna zoben a jikin kwano da gam fari mai laushi wanda ke zuwa tare da zoben, a bar shi ya kama. Gam mai bushewa nan take, irin na ɗan kwalba, yana taurara soso ya karya shi, kada a kusance shi. Wurin da aikin yake da wuya shi ne manna gefen waje a jikin ƙarfe alhali kwayil yana tsakiyar raminsa daidai. Hanya biyu ce. Ko dai a yanke hular tsakiya a soka siraran takardu masu santsi kewaye da kwayil su tsayar da shi, a zare su bayan gam ya bushe a mayar da hular, ko kuma a saka wa wufar sautin gwaji na wajen 40 Hz ƙasa-ƙasa yayin da gam yake ɗanye, ana gyara zaman zoben har ƙarzar ta ɗauke gaba ɗaya. A bar shi awa 24. Kuma a yi wa dama da hagu tare, ko da ɗaya ce ta lalace.

Idan kwayil ne ya ƙone, masu naɗin kwayil a kasuwa za su iya tayar da wufar ta yi magana, amma kaurin waya da yawan naɗi da nauyin gam in suka bambanta da na asali, sautin ya bambanta ke nan. Ga lasifika mai daraja, gara a jira a samo kwano da kwayil na wannan samfurin, ko wata wufar irinta sak. In kuwa ba makawa sai an yi naɗin, a gaya wa mai gyaran tun farko ya ƙirga naɗin tsohon, ya auna wayarsa, kuma ya dawo da duk abin da ya cire.

A allon raba sauti, naɗaɗɗun wayoyin tagulla ba su cika lalacewa ba, a bar su. Kafasita masu ruwan sinadari a ciki su ne ke bushewa, ƙimarsu ta goce, sai tuwita ta riƙa karɓar abin da ba rabonta ba ko ta yi shiru-shiru. A sauya su da masu adadin ƙima ɗaya da wanda aka rubuta a jikin tsofaffin, marasa kai da gindi (waɗanda ba su da alamar tarawa da ta ɗebewa), masu jure wuta daidai da na da ko fiye. Mutane da yawa suna saka kafasita na leda masu tsada a ko'ina, su kuma yi mamakin yadda sautin ya yi kaifi. Dalili shi ne maƙerin ya yi lissafinsa ne da 'yar turjiyar da tsofaffin suke da ita. Ni nakan saka na leda a layin tuwita kaɗai, in bar sauran a irin nasu na asali. Maɓallan da suka yi tsatsa a fesa musu maganin wanke maɓalli a murɗa su sau da yawa, in abin ya ƙi a kwance a goge.

Akwai kuma wani ruwa mai maganaɗisu da aka fara zuba wa tuwita tun shekarun 1970 don ya sanyaya kwayil. Da shekaru yakan yi kauri kamar kwalta, ya riƙe kwayil, siririn sauti ya dusashe. Tuwitar KEF 104/2 tana cikin masu wannan lalura. Ana tsotse tsohon da siririyar takarda a zuba sabo, amma wayoyin tuwita sun fi gashi siranta, saboda haka wanda hannunsa bai saba ba ya kai wa gwani. Quad kuwa kada wanda bai ƙware ba ya buɗe ta, domin akwai dubban bolt a cikinta, kuma wutar takan jima ba ta sauka ba bayan an zare ta daga soket.

Mataki na biyar: amfilifayar da ta dace

Lambobi biyu ne ke jagora a nan. Ta farko ita ce yawan ƙarar da lasifika ke bayarwa da wat ɗaya a nisan mita ɗaya. Klipschorn tana ba da wajen desibel 104 (desibel shi ne ma'aunin ƙara), yayin da rufaffun akwatuna da yawa suke tsayawa a wajen 86. Kowane ƙarin desibel 3 yana bukatar ninkin wuta, don haka tazarar desibel 18 tana nufin ninki 64: abin da Klipschorn za ta yi da wat ɗaya, ɗayar sai ta sha wat 64. Shi ya sa masu ƙaho suke wadatuwa da ƙaramar amfilifaya mai kwalba ta wat 10 ko 20, amma kuma suna tona asirin duk wani huci ko gunjin da amfilifaya take da shi. Lamba ta biyu ita ce om. AR9 mai om 4 ce, tana son amfilifaya mai ƙarfin gaske. Infinity Kappa 9 takan sauka ƙasa da om 1 a sauti mai kauri, Apogee Scintilla ma a om 1 take aiki, kuma irin waɗannan sun ƙona amfilifaya masu yawa da ba a yi su don wannan nauyi ba. ESL-57 kuma an yi ta ne a zamanin amfilifayar Quad II mai wat 15, wuta mai yawa tana huda ledarta.

Ƙaramar amfilifaya da aka murɗe har ƙarshe ta fi babba saurin kashe tuwita, domin idan ƙarfinta ya ƙare takan yanke kan sautin ta aika da tarkace mai kaifi. Da zarar ka ji sauti ya fara tsagewa, ka rage. Idan amfilifayar ma tsohuwa ce mai tiransisto, ka kunna ta ba waƙa, ka auna maƙalan lasifikarta da mita kafin ka jona komai: tsayayyar wutar da ke fita kada ta wuce milibolt 50 ko kusa da haka, in ta kai bolt guda ko fiye za ta dafa kwayil. Mai kwalba kuwa ba a kunna ta sai da lasifika a jone. A kuma karanta bayanta da kyau, domin kayan Amurka na bolt 120 ne, na cikin gidan Japan na bolt 100, wutar Nijeriya da Nijar kuwa tsakanin 220 da 240 take, sai an haɗa da taransifoma mai rage wuta wadda ta fi ƙarfin abin da amfilifayar ke ja. Sitabilaiza mai kyau wajibi ce. Amfilifaya ita ce ta ƙarshe wajen kunnawa, ta farko wajen kashewa, kuma idan aka ɗauke wuta a kashe ta nan take, kada dawowar wuta ko tashin janareta ya same ta a kunne.

Batun waya ba ya bukatar dogon bayani. Tagulla zalla mai kaurin murabba'in milimita 2.5 ta isa duk abin da bai wuce mita 10 ba. A kankari bakinta a gani, domin akwai ta alminiyam da aka shafa wa launin tagulla.

Mataki na shida: zama da sauraro

Ka sa lasifikokin biyu da kujerarka su zama kusurwa uku masu tazara ɗaya, kamar mita 2.5 zuwa 3, tuwita kuma ta yi daidai da tsayin kunnenka a zaune. In ba irin waɗanda aka yi don kusurwa ko jikin bango ba ne, ka fara da nisan santimita 60 daga bangon baya, ka riƙa matsawa da tafin hannu ɗaya kana saurare: kusa da bango kauri yana ƙaruwa, nesa da shi murya tana washewa. Kada kujerar ta manne da bango, kada kuma ta zauna a tsakiyar ɗaki cif, domin a wuri na farko gunji yake taruwa, a na biyu kuma kaurin yake ɓacewa. Kafet mai kauri a tsakaninka da su, labule mai nauyi a taga, da kantar littattafai a gefe suna gyara sautin ɗakin tayil fiye da duk wata na'ura da za ka saya. Idan akwatin yana rawa a kan tayil, ka sa masa 'yan guntayen roba a ƙasa har ya tsaya daram.

Gwajin farko a yi shi da muryar mutum ɗaya yana magana. In komai daidai ne, muryar za ta tsaya a tsakiyar lasifikokin biyu kamar mai ita yana zaune a wurin. In ta watse ba a san inda take fitowa ba, kaurin kuma ya ragu, an juya wayar gefe ɗaya ne. In ta karkata gefe guda, ka musanya lasifikokin: idan karkatar ta bi akwatin, matsalar tasa ce, idan ta tsaya a inda take, ɗakin ne ko amfilifaya. Daga nan ka riƙa juyo fuskokinsu zuwa kujerarka kaɗan-kaɗan har muryar ta tattaru. Masu ƙaho da Tannoy sukan fi daɗi idan layinsu ya gitta a ɗan gabanka, domin hakan yana rage kaifi.

Sai ka koma ga kayan kiɗan da kunnenka ya san su a fili, ba ta rediyo kaɗai ba. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai kalangu ya san akwai bugun maƙaɗi a kan fata, akwai kuma lanƙwasar sautin idan an matse tsarkiya, kuma lafiyayyar lasifika tana raba su biyun a ji kowanne. Goge yana nuna lafiyar bakin tsakiya, algaita kuma tana fallasa tuwita mai kaifi cikin daƙiƙa kaɗan. Sabon soso yana ɗan saki bayan kwanaki na aiki, don haka kada a yi ta sauye-sauye a makon farko. A sauya abu ɗaya, a zauna da shi kwana biyu ko uku, a sa alamar tef a ƙasa inda aka ji daɗin zaman akwatin.

Manyan lasifikoki suna da wani haɗari da ƙananan ba su da shi: ba sa tsagewa idan an ƙara su, don haka mutum ba ya jin cewa ƙarar ta yi yawa. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata suke bi shi ne desibel 85 na awa 8, kuma kowane ƙarin 3 yana rage lokacin da rabi, wato desibel 94 awa ɗaya ce kawai. Manhajar auna ƙara a waya ta isa ta nuna maka inda kake. In kunne yana ƙugi bayan an kashe, an wuce gona da iri.

Abin da ya rage shi ne kula ta yau da kullum. Kada rana ta riƙa dukansu ta taga, domin tana cin soso tana kuma kodar da katako. Da hunturu a bar murfin gaba a jiki, a lulluɓe su da zanen auduga idan ba a aiki da su, a share ƙurar kwano da burushi mai laushi, ban da tsumma mai ruwa. Bushewar iskar wannan lokaci tana tsaga fallen katako, don haka wanda aka gama shi da mai, kamar katakon bishiyar walnat da ke jikin JBL da Klipsch da yawa, a shafa masa man katako sau ɗaya ko biyu a shekara. Da damina a ɗaga su daga ƙasa kaɗan idan ɗakin yana tsattsafo, a kuma kunna su ko da sau ɗaya a mako. Masu ramin iska a gaba ko a baya suna jan ɓera da kyankyaso, sai a toshe ramin da ƙyalle idan za a yi tafiya mai tsawo, a tuna a cire shi in an dawo. Sukurorin da ke riƙe bakuna sukan saki da shekaru, a ɗaure su sannu, ɗaya sannan na daura da shi, ba tare da an matse har katakon ya ci ba. Tsofaffin kafasita da duk wani abu da aka cire a zuba su a leda, a rubuta ranar gyara da ƙimar abin da aka saka, a ajiye tare da hotunan da aka ɗauka kafin a fara aikin, domin mai gyara na gaba ko mai saye zai nemi ganinsu.